Tambayoyi da amsoshi kan libgit2 da pygit2, ga masu son taɓa ma'ajiyar Git daga cikin manhajarsu

Waɗannan tambayoyi ne da masu koyon rubuta manhaja suke yawan yi idan aiki ya kai su ga buɗe ma'ajiyar Git (manhajar da take ajiye tarihin canje-canjen fayiloli) ta cikin kod, ba ta tamina ba, wato baƙin allon da ake buga umarni. Na fi ba da misali da Python saboda shi mutanenmu suka fi farawa da shi, amma kusan duk abin da na faɗa ya shafi sauran harsunan ma.

Wai mene ne libgit2 ɗin nan?

Laburare ne, wato tarin kod da wasu manhajoji suke kira ya yi musu aiki, da aka rubuta da harshen C, wanda ya san yadda Git yake ajiye kayansa a cikin foldar nan ta `.git`, ya iya karanta su ya iya rubuta su. Kenan manhajarka za ta iya buɗe ma'ajiya, ta duba tarihi, ta yi komit (wato ta shigar da canji cikin tarihi), ta ƙirƙiri reshe, ta jawo ko ta tura zuwa saba (kwamfutar nesa da ake ajiye ma'ajiyar), duk ba tare da ta kira umarnin `git` ko sau ɗaya ba. Ko babu Git a kan kwamfutar ma zai yi aiki, domin ba kod ɗin Git aka naɗe ba, sabon rubutu ne daga tushe da yake bin tsari iri ɗaya.

To ai Git yana nan, me zai hana in kira shi kawai in karanta abin da ya fitar?

Babu abin da zai hana, kuma sau da yawa ma shi ya fi. Amma ka san abin da kake ɗauka. Duk kira ɗaya sai kwamfuta ta tayar da sabon furoses, wato ta kunna Git daga farko, idan sau goma ne ba za ka ji ba, idan kuma kana bin komit dubu hamsin ɗaya bayan ɗaya kana tambayar me ya canza a kowanne, toh nan fa za ka zauna jira, musamman a Windows inda tayar da furoses yake da nauyi. Sannan abin da `git status` ko `git log` suke bugawa don idon mutum aka yi shi, yana canzawa da siga, yana canzawa da saitin mai kwamfutar, har harshensa yana canzawa idan an saita na'urar da Faransanci ko Jamusanci, kai kuma kod ɗinka yana can yana neman kalmar Turanci. Ga sunayen fayil masu fili a tsakiya ko masu haruffa irin su ƙ da ɗ, waɗanda Git yake juya su zuwa lambobi cikin alamar zance idan ba ka hana shi ba. Idan dole sai ka bi wannan hanya, dan Allah ka yi amfani da `--porcelain` da `-z`, don masu rubuta manhaja aka tanade su.

Da laburare kuwa abu kake samu a hannu kai tsaye: komit mai ɗauke da marubuci da lokaci da saƙo da iyaye, kowanne a gurbinsa, ba sai ka yanka rubutu ba.

Me ya sa ba a mayar da shi kansa Git laburare ba, aka tsaya sake rubutawa?

Linus Torvalds ya fara Git a watan Afrilun 2005, cikin gaggawa, bayan an rasa damar amfani da BitKeeper kyauta wajen aikin kanel ɗin Linux, daga baya a shekarar ya miƙa wa Junio Hamano. An gina shi ne a matsayin ƙananan umarni da za su tashi su yi aiki su mutu nan take. Shi ya sa a cikin kod ɗinsa idan aka samu matsala sai kawai a kira `die()` komai ya tsaya, kuma wurare da dama ba a damu da mayar da memori ba tunda furoses ɗin zai mutu yanzu-yanzu. Ga umarnin tamina wannan ba laifi ba ne. Amma ka ɗauki wannan kod ka saka a cikin edita ko sabar da take aiki wata da watanni, fayil ɗaya ya ɓace sai duk manhajar ta faɗi. Wannan giɓi ne Shawn Pearce ya so cikewa da ya fara libgit2 a 2008, shi ne kuma dai mutumin da ya fara JGit na Java. Daga baya ma'aikatan GitHub da Microsoft suka zuba aiki sosai a kai, siga ta 1.0 ta fito a 2020, Edward Thomson na cikin waɗanda suka daɗe suna riƙe da shi.

Ban iya C ba. Shi kenan ba nawa ba ne?

Naka ne mana. Mutane kaɗan ne suke taɓa shi da C kai tsaye. Python yana da pygit2, Ruby yana da Rugged, C# yana da LibGit2Sharp, Rust yana da git2, Go yana da git2go, Node yana da NodeGit. Duk injin ɗaya ne a ƙasa. Idan ka taɓa amfani da Cargo, mai haɗa manhajojin Rust, ka riga ka yi amfani da libgit2 ba ka sani ba, haka harshen Julia ma da shi yake zuwa.

Yaya ake saka pygit2?

`pip install pygit2`. A Windows da macOS da yawancin Linux zai sauko a haɗe da libgit2 ɗinsa a ciki, ba ruwanka. Matsala tana tasowa ne inda babu wanda aka riga aka haɗa, kamar masu koyo a waya da Termux, nan pip zai ce sai ya gina daga tushe, sai ya nemi kwamfaila da libgit2 a kan na'urar, kuma ba kowace siga ba, kowace sigar pygit2 tana da sigar libgit2 da take tafiya da ita. Idan ka ga dogon jan rubutu yana ƙorafin `git2.h` ko siga, wannan ne.

Na nemi `repo.commit("saƙo")` ban gani ba. Ina yake?

Nan ne mafi yawan mutane suke karaya, kuma nan ne nake so a tsaya a fahimta, domin duk sauran tambayoyin daga nan suke fitowa. libgit2 ba umarnin Git yake ba ka ba, kayan cikin Git yake ba ka. Umarnin `git` kamar riga ce ɗinkakkiya ka saya ka saka, shi kuwa wannan yadi ne da almakashi da zare, ɗinkin naka ne.

Git abubuwa iri huɗu kawai yake ajiyewa. Akwai `blob`, wato abin da ke cikin fayil zalla, ko suna ba shi da shi. Akwai `tree`, shi ne jerin da yake cewa wannan suna na wancan blob ne, wancan folda kuma wani tree ne. Akwai `commit`, wanda yake nuna tree guda ɗaya, ya faɗi iyayensa, da wanda ya rubuta da wanda ya shigar da lokaci da saƙo. Sai `tag` mai bayani. Kowannensu ana matse shi da zlib, sunansa kuma wata lamba ce da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa ta hanyar da ake kira SHA-1, haruffa 40 ɗin nan da kake gani. Reshe kuwa ba komai ba ne illa ɗan suna da yake nuna wani komit, `HEAD` kuma yana nuna reshen da kake kai. Iyakarta kenan wallahi.

Saboda haka abin da `git add` da `git commit` suke yi maka a ɓoye, kai za ka yi shi a fili:

```
repo = pygit2.Repository('.')
repo.index.add('labari.txt')
repo.index.write()
tree = repo.index.write_tree()
ni = repo.default_signature
repo.create_commit('HEAD', ni, ni, 'Gyara labari', tree, [repo.head.target])
```

Layi shida a maimakon biyu, eh. Amma wanda ya rubuta waɗannan layuka da hannunsa sau ɗaya ya gane su, ya daina tsoron Git, ko a tamina ma. Ni a ganina ko ba ka da wani aiki da laburaren, yini ɗaya da shi ya fi mako guda na haddar umarni.

Komit ɗina na farko a sabuwar ma'ajiya ya ƙi, wai babu `refs/heads/master`.

Sabuwar ma'ajiya ba ta da komit ko ɗaya, don haka `repo.head` ba shi da abin nunawa. Duba `repo.head_is_unborn`, idan gaskiya ne ka ba da jerin iyaye fanko, `[]`. Akasin haka ma yana faruwa, mutum ya manta ya bar jerin fanko a komit na biyu, sai laburaren ya ƙi yana cewa kan reshen ba shi ne uba na farko ba. Kar ka ji haushi, tarihinka yake kare maka.

Kuma a daina rubuta sunan reshe da ka a cikin kod. Tun Oktoban 2020 sababbin ma'ajiyoyi a GitHub da `main` suke farawa, tsofaffi da yawa suna nan a `master`, wasu kuma da wani suna daban. Tambayi `HEAD` ya faɗa maka.

Na yi komit lafiya, amma da na buga `git status` sai na ga wai akwai canje-canje.

Ka manta `repo.index.write()`. Ka canza indes, wato jerin fayilolin da za su shiga komit na gaba, a cikin memori, ka fitar da tree daga ciki, amma fayil ɗin `.git/index` da ke kan faifai yana nan yadda yake, sai Git ya ga komit da indes sun saɓa.

Ina `pull`?

Babu shi, kuma da gangan ne. `git pull` aiki biyu ne aka haɗa, jawowa da haɗewa. Sai ka fara `repo.remotes['origin'].fetch()`, sannan ka tambayi `repo.merge_analysis()` halin da ake ciki. Zai ce maka ko dai ba sabon abu, ko kuma reshenka yana baya ne kawai sai a matsar da shi gaba a sabunta fayilolin aiki, ko kuma kowane ɓangare ya yi nasa tafiyar sai an yi haɗewa ta gaske. A na ukun nan bayan `repo.merge()` dole ka duba `repo.index.conflicts`, idan babu rikici ka yi komit mai iyaye biyu da kanka, ka kira `repo.state_cleanup()` don kada ma'ajiyar ta zauna tana ganin har yanzu ana tsakiyar haɗewa. Idan kuma akwai rikici, toh kai ne za ka yanke abin da manhajarka za ta yi, ta tsaya ta kira mutum ne ko ta zaɓi ɓangare ɗaya. Shawarata ta tsaya. Manhajar da take warware rikici ita kaɗai cikin dare tana iya goge aikin wani na sati guda ba wanda ya lura.

A tamina ina turawa lafiya, a pygit2 kuma sai ya ce ba a tantance ni ba.

Saboda a tamina akwai masu taimakon da ba ka gani, mai ajiye kalmar sirri na kwamfutarka da kuma OpenSSH da fayil ɗin `~/.ssh/config`. libgit2 ba ya zuwa wurinsu da kansa, kai za ka miƙa masa shaida ta `RemoteCallbacks`. Idan HTTPS ne, `pygit2.UserPass` da sunanka da tokin, wato lambar izini da saba take ba ka, ba kalmar sirrin shiga ba, GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen ayyukan Git tun 13 ga Agustan 2021. Idan SSH ne, `Keypair` ko `KeypairFromAgent`, kuma sunan mai shiga `git` ne ba sunanka ba, mutane da yawa nan suke maƙalewa.

Akwai wata da ta wahalar da jama'a a 2022. libgit2 ya daɗe yana dogara da wani laburare mai suna libssh2 wajen haɗin SSH, tsofaffin sigoginsa kuma da SHA-1 kawai suke sa hannu idan makullin RSA ne, GitHub kuma ya daina karɓar hakan ga sababbin makullai a watan Maris na shekarar. Sai ka ga makulli ɗaya yana aiki a tamina yana ƙi a kod. libssh2 1.11 ya gyara wannan, sannan daga libgit2 1.8 ana iya gina shi ya riƙa kiran OpenSSH ɗin kwamfutar.

Tokin kuma kar ka taɓa rubuta shi a cikin fayil ɗin da za ka yi komit. Ko ka goge shi gobe yana nan a tarihi.

Na tura, babu wani kuskure da ya fito, amma a saba ban ga komai ba.

Idan saba ta karɓi haɗin amma ta ƙi sabunta reshen, misali reshen a kulle yake, `push()` yana iya dawowa shiru. Sai ka rubuta `push_update_reference` a cikin callbacks ɗinka, saba za ta turo saƙo a nan, idan saƙon ba fanko ba ne an ƙi ka kenan. Duk wanda zai saka wannan a aiki na gaske ya rubuta shi tun ranar farko.

Me ba ya iya yi?

Ba ya kunna huk, ƙananan umarnin nan da Git yake gudanarwa da kansa kafin ko bayan wani aiki, wato idan ƙungiyarku tana da `pre-commit` da yake duba kod kafin a shigar, komit ɗin da aka yi ta laburare zai wuce ta gefensa ba tare da an duba ba, wannan a sani. Bai san Git LFS, tsarin ajiye manyan fayiloli a gefe, da kansa ba, za ka ga ɗan fayil mai layi uku a inda kake tsammanin bidiyo. Ba shi da `git gc`, kenan idan manhajarka tana yin komit dubbai, lokaci-lokaci sai an kira Git na ainihi ya tattara ya share. Sababbin dabarun da aka ƙara wa Git don manyan ma'ajiyoyi kuma yawanci yana baya a kansu.

Manya ma sun san da haka. Cargo yana da saiti `net.git-fetch-with-cli` don idan libgit2 ya gaza a kira Git, Visual Studio kuma a sigar 2017 komawa ya yi kiran `git.exe`. Don haka haɗa biyun ba abin kunya ba ne, karatu da bin tarihi ta laburare, jawowa da turawa ta Git.

Data tana da tsada, zan iya kwafo ƙarshen ma'ajiya kawai ban da tarihi?

Shekaru da yawa amsar a'a ce, sai a siga ta 1.7 a 2023 aka ƙara shi. A pygit2 na yanzu `clone_repository` yana karɓar `depth=1`. Sai dai ka tuna ba ka da tarihin, duk lissafin da ya shafi wa ya rubuta me ko ina rassa biyu suka rabu ba zai ba ka gaskiya ba. Idan tarihin kake so ban da fayilolin aiki, `bare=True`.

Tsakanin pygit2 da GitPython da Dulwich wanne zan ɗauka?

GitPython shi ya fi sauƙin shiga, amma yawancin aikinsa umarnin `git` yake kira a bayan fage, don haka dole a samu Git a na'urar, ribar kuma ita ce duk abin da Git ya iya shi ma ya iya, da saitinka da makullanka duka. Masu shi da kansu sun rubuta cewa bai dace da manhajar da take daɗewa a kunne ba saboda yana barin albarkatu a buɗe, kuma yanzu gyare-gyare kawai ake masa, mai riƙe da shi Sebastian Thiel ya karkata ga gitoxide da yake rubutawa da Rust. Sannan tunda umarni yake haɗawa, a yi hattara da adireshin da baƙo ya turo, a 2022 an gano ɓaraka inda adireshin ƙeta da aka ba wa `clone_from` yake iya sa a gudanar da umarni a kan sabar.

Dulwich na Jelmer Vernooij da Python aka rubuta shi, ba ya buƙatar Git ba ya buƙatar libgit2, shi ya sa Poetry da hg-git suke amfani da shi. A manyan ma'ajiyoyi ba zai kamo C a gudu ba, amma ga mai waya ko na'urar da gini yake wahala shi zan fara gwadawa.

Ɗan aikin yini ɗaya, GitPython. Saba ko bincike mai bin komit dubbai, pygit2. Mai Java ya tafi JGit, mai Go kuma ya duba go-git kafin ya ɗauko wahalar haɗa C.

Na ga lasisinsa GPL ne. Dole in buɗe kod ɗina kenan?

A'a. GPL siga ta 2 ce amma da togaciya ta musamman kan haɗawa, kana iya haɗa shi da manhajar sayarwa wadda kod ɗinta a rufe yake. Idan shi kansa laburaren ka gyara ka rarraba, gyaran nan ne za ka fitar.

Zan iya amfani da shi a zare da yawa lokaci guda, wato layukan aiki da suke gudana tare a cikin manhaja ɗaya?

Kowane zare ya buɗe nasa `Repository`, kar ku raba guda ɗaya. Karatu tare ba matsala. Rubutu kuwa, indes ɗaya ne, mai rubutawa yana ajiye `index.lock` har ya gama, na biyu zai samu kuskure. Idan manhaja ta mutu a tsakiya fayil ɗin zai zauna ya toshe kowa, kafin ka goge shi tabbatar babu wani furoses da yake kan aiki. Masu C kuma kar a manta `git_libgit2_init()` a farko, kuma duk abin da aka buɗe a sake shi da `_free` ɗinsa.

Wai ma'ajiyar ba mallakina ba ce, alhali ni na kwafo ta?

Wannan kariya ce da aka ƙara a Afrilun 2022, a Git 2.35.2 da libgit2 duka, saboda a kwamfutar da mutane da yawa suke amfani da ita wani zai iya dasa foldar `.git` mai mugun saiti a inda za ka faɗa. An fi ganinsa a Docker ko idan an kwafo da `sudo`. Gyara mallakar foldar, ko ka saka ta a `safe.directory`. Kashe binciken gaba ɗaya shi ya fi sauƙi, amma ban ba da shawararsa ba a saba.

An ce an karya SHA-1, abin ya shafe ni?

A Fabrairun 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam sun fitar da fayilolin PDF biyu mabambanta masu SHA-1 ɗaya. Bayan nan Git da libgit2 suka koma lissafi mai gano irin wannan harin, Git 2.29 kuma ya kawo ma'ajiya mai SHA-256 a 2020. Abin da ya shafe ka a aikace ɗaya ne, kar ka rubuta a kod ko a rumbun bayanai cewa lambar komit haruffa 40 ce dole, ta SHA-256 64 ce.

Lokacin komit yana fitowa da saɓanin awa ɗaya.

`commit_time` daƙiƙoƙi ne tun farkon 1970 a agogon UTC, `commit_time_offset` kuma bambancin yankin mai komit ne a mintuna. Wanda ya yi komit a Kano ko Zinder za ka ga 60, na Accra 0, na Khartoum 120. Sai ka haɗa biyun kafin ka nuna wa mutum. Kuma lokaci biyu ne a kowane komit, na marubuci da na wanda ya shigar, bayan `rebase` sukan bambanta, `git log` kuma na marubucin yake nunawa, wanda a pygit2 yake `commit.author.time`.

Zan iya yin komit ba tare da na rubuta fayil a faifai ba?

Ƙwarai, kuma a nan ne laburaren yake nuna amfaninsa sosai. `repo.create_blob()` ya karɓi bayananka ya ba ka lamba, `repo.TreeBuilder()` ya ɗora shi a kan tree ɗin komit na baya da sunan da kake so, `write()` ya ba ka sabon tree, sai `create_commit`. Babu indes babu foldar aiki, a ma'ajiya `bare` ma yana yi. Da irin wannan hanya ake iya gina manhajar da mutum zai gyara rubutu a burauza ya danna ajiye ya zama komit, ko tsarin ajiye takardun makaranta ko fassara inda ake son sanin wa ya canza wane layi kuma yaushe. Abu ɗaya, TreeBuilder hawa ɗaya yake gani, idan fayil ɗin yana cikin folda a cikin folda, daga ƙasa za ka faro kana gina kowane tree kana saka shi a na samansa har ka iso tushe. Idan mutum biyu suka danna ajiye a tare kuma, na biyun zai samu kuskuren nan na uba na farko, sai ka sake karanta kan reshen ka sake ginawa a kansa.